Gashin Auta

A layinsu kowa Anti Mai Salun yake ce mata, har mijinta idan yana jin tsokana. Shagonta ɗaki ɗaya ne: madubi mai tsagewa a gefe, kujeru biyu, da kwanon wanke kai da ke yoyo tun ranar da aka kafa shi. Hannunta na da kyau, bakinta kuma ba dama.

Ba ta rina gashin kowa sai ta yanki sili a ƙeya ta gwada maganin a kai. Mai sauri ta ƙara gaba. Wata malamar kimiyya da ke zuwa wankin kai ce ta taɓa warware mata dalilin. Ta ce gashi furotin ne, sarƙa a murɗe ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, kuma maganin rini ba ya saurin kaiwa ga na can cikin murɗin. Amma man miƙar da gashi kishiyar tsami ne. Kumbura silin yake yi ya buɗe shi, sai rinin ya shige ya ƙone mahaɗan da ke riƙe da gashin. Anti ta ce turancin ya yi mata yawa, amma ta gane: gashin da ya sha mai, a buɗe yake.

Duk a kawunan da ta taɓa, babu wanda take alfahari da shi kamar na autarta. Tun yarinyar na goye take kula da shi, ko ɗigon man miƙarwa ba ta yarda ya taɓa shi ba. Da Auta ta dawo hutu daga jami'a ta nemi a ɗan sauya mata launinsa, Anti ta kwaɓa magani ta shafa kai tsaye. Kan da ta raina da hannunta, me za ta gwada?

Wajen ɗauraya ta ji gashin yana miƙewa a yatsunta kamar cingam. Ta yi maza ta zuba ruwan tsami, ya rufe silin, amma abin da ya ƙone ya riga ya ƙone. Nan Auta ta fashe da kuka, ta ce wata ƙawarta ce ta sa mata man miƙarwa a makaranta, ta yi ta kitse shi don kada a gane.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Mama, ke fa kullum cewa kike gashina ne tallar shagonki."

Kunya ce ta kama Anti, fiye da haushi. Ta ja labulen ƙofa, ta ɗauko almakashi, ta tambayi yarinyar iya inda take so a rage.