Baba Yana Kashe Inji a Gangara

Surukina, mahaifin maigidana, direban babbar motar kaya ne tun yana saurayi har kansa ya yi fari fat. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata 'yar ƙaramar mota ta yawon cikin gari, wadda in ya shiga kansa har gogar rufi yake yi. Yana ji da ita kamar me. Abin alfaharinsa ɗaya ne, wai ba ta shan mai, sansanawa kawai take yi.

Mu da muke zama a ciki mu muka san wahalar. Baba yakan ɗura wa tayoyin iska har su yi tauri, don a cewarsa taya mai laushi ɓarauniyar mai ce. In aka faɗa rami kuwa, wallahi har cikin haƙoranka za ka ji. Esi, na'urar sanyin nan, ba a kunna shi ko gumi zai kashe mutum. Duk wannan na haƙura, ƙugun nawa ne. Abin da ya tsaya min a rai 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni, kuma shi yake kai ta makaranta kullum da safe.

Wata rana ina ɗaure mata takalmi ta ce, "Mama, motar Kaka tana yin barci in mun zo gangara."

Akwai wata doguwar gangara a hanyar makarantarsu, danja tana can ƙasanta. Ashe da sun hau kanta Baba yake sa mota a firi, ya murɗa makulli ya kashe inji, ta gangara da kanta don kada mai ya ƙone a banza. Na tambayi bakaniken layinmu, ya riƙe baki. Ya ce irin waɗannan ƙananan, in inji ya mutu, birki yana ɗan kamawa da farko, daga nan sai ya sandare.

Na faɗa wa maigida. Dariya ya yi min, kun ji fa! Wai Baba ya ƙare rayuwarsa a kan titi, ko kaza bai taɓa takawa ba. "In kina da baki ke ki gaya masa." Ina! Ni da ko ido ba na haɗawa da shi?

Sai na ƙirƙiro zuwa ganin malamar ajinsu, na shiga baya na zaunar da yarinyar a gefena. Baba yana ta tsokanarta ta madubi, "Uwargida, yau kin zo min da 'yar rakiya?" Muka iso gangarar. Ina kallon hannunsa ya tafi ga makulli. Motar ta yi tsit, sai ƙarar taya a kan kwalta.

Wani mai babur ya gilma, Baba ya taka birki, ya kama. Wata mota ta sha gabanmu, ya sake takawa. Can ƙasa danja ta nuna ja, wata tifa ta tsaya cak. Baba ya taka birki karo na uku, ƙafarsa ba ta shiga ba. Na ga ya ɗaga daga kujera yana danna shi da dukkan ƙarfinsa, bayan tifar nan yana ta girma a gilashi. Salati kawai nake yi, na kifa yarinyar a cinyata na rufe ta da jikina. Ya fizgi birkin hannu, motar ta karkace, ta gogi dakalin gefen titi tana ƙara, sannan ta tsaya. Da na ɗago, lambar tifar na daf da hancinmu.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Baba, a kan mai cokali guda za ka kashe min 'ya?" A gaban mutane na faɗa, da ƙarfi, ina kuka. Bai juyo ba. Ya ƙanƙame sitiyari, kuma ban taɓa ganin tsoro a jikin mutumin nan ba sai ranar.

Bai kai ƙarata wurin ɗansa ba. Washegari muka fito, na same shi tsaye a ƙofar gida, ya buɗe ƙofar motar ta baya yana jira. Ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Na daina, 'yar nan."

Na yarda har ransa yake nufi. Amma hannun da ya saba da abu tun kafin a haife ni, wa zai lamunce min shi? Na damƙe hannun 'yata muka wuce shi zuwa tashar bas. Tana ta waiwaye tana fizgewa, "Mama, Kaka fa yana jirana!" Tausayinsa ya kama ni, amma ban tsaya ba.

Muna kaiwa kwanar layi na ji ya rufe ƙofar motar.