Merle da Saniyar da Aka Juya

A duk yankin Gippsland babu mai shanun da zai zauna ta hagun saniya ya ce zai yi tatsa, sai in haƙoransa sun ishe shi. Kaka Merle ta san haka tun kafin ta iya ɗaura takalmi. Amma a garinsu, har ta tsufa, sunanta Bahaguwa.

Abin ya samo asali ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Maza sun tafi fagen fama, gwamnati na neman man shanu ido rufe, sai wani mai hoto ya zo daga birnin Melbourne ya tarar da Merle, budurwa, tana tatsar Biddy, saniyar maƙwabtansu mai karyayyen ƙaho. Ya ɗauke ta. Ba a jima ba ga ta manne a tashar jirgin ƙasa da gidan waya, an rubuta a ƙasa: KOWANE BOKITI HARSASHI NE. Sai dai masu ɗab'i sun juya hoton don rubutu ya sami wuri, Merle ta koma hagun saniya.

Mutanen birni suka yaba. Mutanen gari suka yi dariya har da riƙe ciki, kuma ba wanda ya kai Alby Doolan, ɗan masu saniyar.

"Bahaguwa, yau ta ina za a ɓullo wa saniya? Ta wutsiya?"

Ta rantse ta dama ta zauna, ta yi kuka, ta taɓa jifansa da soso. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta riƙe garke ita kaɗai bayan rasuwar mijinta, man shanunta ya ci kyauta a bikin amfanin gona. Duk da haka ko a coci Alby ya gan ta sai ya matsa, wai yana ba ta hagu. Burinta ɗaya, kafin ta bar duniya wani ya buɗe baki ya ce daidai ta zauna.

Tana dab da shekara casa'in jikarta Kerryn ta ci karo da hoton yana yawo a intanet. Samarin zamani sun goge maganar harsashi sun sa: TATSI INTANET ƊIN MAƘWABCINKA, KISHIN ƘASA NE. Dangi suka yi ta ɓoyewa kada ran tsohuwa ya ɓaci, har ranar da ta ƙwace wayar Kerryn a wurin shan shayi.

Ta daɗe tana kallo. Rubutun ko a jikinta.

"Kerryn, wane ɗan albarka ne ya yi wannan?"

"Kaka, tsokana ce fa."

"Tsokanar me? Dubi inda nake zaune!"

Ashe shi ma mai wannan aiki ya juya hoton don nasa rubutun ya sami wuri. Merle ta dawo dama.

Ta sa aka buga mata shi ƙato, ta sa hular zuwa coci, ta ce a kai ta gidan kula da tsofaffi inda Alby yake. Suka same shi a baranda, bargo a gwiwa, yana jiƙa biskit a shayi.

"A'a, Bahaguwa! Ta wace ƙofa kika shigo?"

Ta shimfiɗa masa hoton a cinya. "Sa tabarau, tsohon banza. Haka aka ɗauke shi."

Alby ya duba, ya shafa kan saniyar da ɗan yatsa.

"Yawwa, ga Biddy ta dawo daidai. Ƙahonta na dama ne ya karye, ni na ɗaure mata shi. A na tasha kuwa hagu ya koma."

Merle ta yi sororo. "Wato ka sani?"

"Tun ranar da aka manna."

"Shi ne ka ƙi faɗa, ka bar gari yana mini dariya?"

"To in na faɗa, da me zan riƙa tare ki da magana? Ke ba kya kula mutum sai ranki ya ɓaci."

Ta ɗaga jaka kamar za ta kwaɗa masa, sai ta juya wajen ma'aikaciyar da ke zuba shayi.

"'Yata, tara mini duk wanda kunnensa ke aiki a gidan nan. Wannan tsohon zai maimaita, da ƙarfi."

Ya maimaita, har sau biyu, saboda na kusa da taga bai ji ba.