Taswirar da Aka Ɗinke a Fata

Sau ɗaya na ga taswirar garinmu a buɗe kafin a ɗinke ta. Wani Nasara mai awo ne ya zana ta, bayan ya yi makonni yana jan igiya a dajinmu, tsakanin Agiye da Gazawa. Biyu ya zana, da zai tafi ya bar wa maigari ɗaya, ya tafi da ɗaya. Maigari yayan mahaifina ne, kuma da yake ni kaɗai na yi lakol, wato makarantar boko, a gidanmu, ni aka kira na karanta. Na ga gonaki kowace da lambarta, na ga tabki a kusurwar kudu. A gefen gabas kuma akwai wani farin fili siriri, daga sama har tabkin, an yi masa iyaka da ƙananan ɗigo. Wannan shi ne burtali, hanyar da shanun Fulani ke bi su sha ruwa ba su taɓa shukar kowa ba.

Bayan wannan gara ta shiga akwatin takardun maigari ta yi ɓarna. Taswira ta tsira, amma hankalin tsoho ya tashi. Bai shawarci kowa ba ya kira badukun gari, ya ce a yi mata abin da ake yi wa duk takarda mai daraja. Aka naɗe ta, aka ɗinke cikin jar fata kamar laya, aka sa mata igiya. Tun daga ranar tana rataye a wuyansa ƙarƙashin riga.

Lokacin da aka samu mulkin kai ina da aure da 'ya'ya biyu, ni ne sakataren maigari. Aikin ba wani abu ba ne, karanta takardar da ta zo daga buro, ofishin hukuma, da rubuta amsa, sai zaman zaure ana shari'ar akuya da ta ci wake. Amma a shekarun nan gyaɗa ta yi kasuwa, kowa ya haukace da neman fili. Mutanen garin da ke gabas da mu suka fara turo kunyoyinsu cikin burtali, bana taku biyar, baɗi taku goma.

Wanda abin ya fi ci shi ne arɗo, shugaban Fulanin da rugarsu ke arewa da gari. Dattijo ne dogo mai sanyin magana, kakansa ma nan ya yi kiwo. In burtali ya rufe, shanunsa ba su da hanyar zuwa tabki, kuma in babu ruwa babu zama. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta zaure ya tambaye ni.

"Malam, takardan nan tana nan ko?"

"Tana nan, arɗo."

"To madalla. In tana nan, mu ma muna nan."

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Na sayo babbar takarda da fensir, na sami maigari shi kaɗai na durƙusa.

"Baba, a ba ni taswirar ga in kwafe ta. Yini guda ya ishe ni."

"Ka taɓa ganin an farke laya?"

"Ba laya ba ce, Baba. Zanen gonaki ne."

"Abin da anka ɗinke an ɗinke shi. Ku 'yan lakol komai sai kun buɗe kun gani."

Sau nawa na koma masa? Na bi ta wajen liman, liman ya ce shi ba ya shiga tsakanin uba da ɗa. Na bi ta wajen uwargidansa, ta ce in bar tsoho da abinsa, ai tun da ya rataya ta ko ciwon kai bai yi ba. Wallahi wannan magana ta ƙona mini rai. Takardar awon ƙasa ta zama maganin ciwon kai, ni kuma da na iya karanta ta na zama marar kunya. Na hau jaki na tafi buro neman wadda Nasara ya tafi da ita. Na yi kwana biyu a bakin ƙofa, daga baya wani magatakarda ya ce akwatunan wancan zamani wasu an kwashe, wasu ruwa ya ci, in koma gida.

Da damina ta kama, mutanen gabas suka shuka gyaɗa har bakin gonakinmu. Shanu suka bi hanyar da suka saba, suka tattake shuka, aka zaro sanduna, aka fasa wa wani makiyayi kai. Magana ta kai ga sabon kumandan mai mulkin yankinmu, baƙar fata irinmu, wanda a da malamin lakol ne. Ya zo da kansa da jandarma biyu, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin tsamiya. Ya saurari kowa, sannan ya ce an gaya masa akwai taswira.

Maigari ya zaro ta daga wuya yana alfahari. Kumandan ya juya ta a hannu ya ce a buɗe. Abin da na yi shekaru ina roƙo, kalma ɗaya ta yi shi. Aka kira baduku ya zo da wuƙarsa ya bi ɗinkin a hankali. Arɗo ya matso kusa da ni, har ina jin numfashinsa.

Ni na warware ta a kan tabarma. Gara ba ta taɓa ta ba, gumi bai shige ta ba, lambobi raɗau kamar jiya aka rubuta. Ga gonaki, ga tabki. Amma a gabas takarda ta ƙare daidai bakin gonakinmu, an yanke ta sumul.

Na ɗaga kai na dubi baduku. "Ina sauran?"

"Wane saura? Ta yi wa fata girma, shi ne na rage ta. Amma ban taɓa rubutu ba ko ɗaya, Allah shi ne shaida. Farin kawai na yanke, inda babu komai."

"Da ɗigon da ke gefe?"

"Wanga kashin ƙuda?"

Wasu suka yi dariya. Ni ji na yi kamar in shaƙe shi, sai dai mutumin bai yi ƙarya ba. A sana'arsa rubutu ake kiyayewa, fari kuwa ba a bakin komai yake ba. Da an bar ni yini guda tun farko, da na gane an yanke, da na zana burtalin da hannuna tun ana iya ganin sawun shanu a ƙasa.

Na rantse wa kumandan na ga burtali a takardar nan da idona. Mutanen gabas suka ce ɗan gidan maigari ne, me zai ce in ba haka ba? Kumandan ya daɗe yana duban taswira. Ya ce shi abin da ke gabansa zai bi, kuma abin da ke gabansa bai nuna hanya ba, gyaɗa kuwa ta riga ta fito. A bar ta sai an sake awo. Ba a sake ba.

Arɗo bai iya karatu ba, amma ya durƙusa ya ce in nuna masa inda hanyarsu take. Na kama yatsansa na kai shi gabas, ya wuce bakin takarda ya sauka kan tabarma. Ya bar shi nan jim kaɗan.

"Ashe nan muke," in ji shi. Ya tashi ya karkaɗe gwiwa.

Kafin taro ya watse na ji maigari yana ce wa baduku ya maida ta cikin fata da wuri, kada gara ta same ta. Bayan kaka arɗo ya kwashe rugarsa ya yi arewa. Ranar da za su tashi ya biyo ta zaure ya yi mini sallama, bai tambaye ni ko takarda tana nan ba.