Turaren Kakata Babarbariya

Duk lokacin da ƙamshin kajiji ya bugi hancina, kakata ta wajen uba nake tunawa. Babarbariya ce. Ita da kakanmu suka taso daga gabas shekarar da fari ya cinye musu dabbobi, suka sauka a bayan garin Ɓaɓura, inda babu komai sai sabara. Da kasko ɗaya ta fara haɗa turaren wuta. Matan maƙwabta tun suna saye har suka koya. Kai da ka san unguwar yanzu da wuya ka yarda, amma duk shagunan nan da mutanen Nijar ke zuwa sari da sefa, daga kaskon nan suka fito.

Hausarta kuwa ba ta taɓa miƙewa ba. Mu jikoki muna kwaikwayonta, tana bin mu da muciya. In ta ce mu zo ta koya mana Barbarci, sai mu watse. Babanmu ma a nan aka haife shi, bai wuce gaisuwa ba. Tun rasuwar kakanmu ba ta ƙara samun abokin hira da harshenta ba, kuma babu wanda ya lura.

Da ciwon ajali ya kama ta, farkon damina, sai Hausar ta gudu mata. Kwana uku tana maimaita magana ɗaya, tana bin fuskokinmu da kallo. Aka ba ta ruwa, aka dama fura, ta kau da kai. Babanmu ya tsorata kada wasiyya ce ta tafi da ita. Ya shiga mota har Kazaure, ya ɗauko wani dattijo Babarbare mai sayar da banda.

Dattijon ya zauna a bakin ƙofa, ya gaishe ta da harshensu. Wallahi ban taɓa ganin fuskarta ta saki haka ba.

Da ya fito, babanmu ya ce, "Baba, me take so?"

Ya goge ido da hannun riga. "Ba ta son komai, ɗana. Tambaya take ko ruwa ya sauka a gida bana."

"Me kuka ce mata?"

"Na ce in Allah ya yarda ya sauka. Ni ma na daɗe rabona da can."

Washegari ta rasu.

Yau da turarenta muke ci muke sha, amma ko kalma ɗaya ta harshenta ban riƙe ba, kuma kunyar nan ba ta sake ni ba. In ruwan farko ya zubo, nakan tsaya a ƙofar shagona, in ce da Hausar da muka tilasta mata: "Kaka, ya sauka."