Bai Taɓa Ƙwallo Ba

Laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Ɗana na fari girman jikinsa ya sa wata jami'a a Amurka ta ɗauke shi karatu kyauta, yana yi musu wasan da suke kira ƙwallon ƙafa. Ni kuwa direba ne a Riyad, ƙwallon da na sani ita ce ta raga biyu.

Da kakar wasanninsu ta ƙare, aka gayyaci jami'arsu wani babban wasa na rufe shekara. Ya turo mini bidiyon, ya ce lambarsa saba'in da biyu. Ranar Juma'a bayan masallaci na tara abokaina a ɗakina da ke unguwar Ulaisha, na sayo shinkafar kabsa tire biyu, na cika baki.

Muka zuba ido. Ana jefa ƙwallo, ana gudu da ita, ɗana kuwa yana can yana ture wani ƙato.

Maƙwabcina mai gyaran AC ya ce, "Alhaji, dambe ka tura shi koyo? Ai da ka bar shi a gida, an fi iyawa."

Aka kwashe da dariya. Har aka tashi, hannunsa bai taɓa ƙwallo ba. Kunya ta sa na aika masa saƙon murya. Na ce ya zubar mini da mutunci. Ban ko ce masa barka ba, alhali sun ci wasan.

Mako biyu bai ɗauki wayata ba. Sai tsoro ya kama ni, kada ya saba da rashina.

Likitan da nake tuƙawa ya yi karatu a Amurka. Muna jiran 'yarsa a bakin makaranta a unguwar Nasiriya, na miƙa masa wayata ya ga bidiyon.

Ya kalla jim kaɗan, ya ce, "Malam, dubi mai jefa ƙwallon. An kayar da shi?"

"A'a, Likita."

"To aikin ɗanka ke nan. Shi katanga ne. In ya cafke ƙwallon ma, alƙalin wasa hukunta su zai yi."

Na sauka daga mota, na tsaya a inuwa. Sau uku ina ɗaukar wa ɗana saƙon murya ina gogewa kafin na iya cewa, "Ban sani ba na yi magana. Ka yafe wa babanka."

Da la'asar amsa ta zo. Muryarsa a sanyaye, amma ya ce, "Ba komai, Baba. In kana gida Asabar, mu kalla tare ta waya, in riƙa nuna maka."

Na ce ina gida.