Mutumin da ke Kwantar wa Ɗana da Taya

Kafin rana ta haye rufin shagunan da ke bakin tashar manyan motoci, Baba Kunne ya riga ya share rumfarsa. Yakan cika tsohon baho da ruwa, ya tayar da injin hura iska, ya jera ƙarafansa a kan buhu, sannan ya kaɗa sabulu a gwangwani har ya yi kumfa. Daga nan ba zama. Duk tirelar da ta kwana a tashar sai ya zagaye ta, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Zai durƙusa gaban kowace taya, ya shafa kumfa a gindin bawul, wato ɗan bututun nan da ake hura iska ta cikinsa, ya lanƙwasa shi kaɗan da babban yatsa, ya kara kunne. Abin da ya sa direbobi suka raɗa masa wannan suna ke nan. Faci yake yi tun ina saurayi. Yanzu gwiwoyi sun ce sun gaji, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Gara in faɗa tun da wuri, kada wanda ya san ni ya ce na yi munafunci: kishin mutumin nan nake yi.

Ni kafinta ne, kuma ɗana na fari direban tirela ne. Na so ya riƙe zarto kusa da ni, inda mafi munin abin da zai same shi yankan yatsa ne, amma ya zaɓi sitiyari. Tun ranar da ya fara dogon zango wayata ba ta barin aljihun gabana. In ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ta yi shiru ma gabana ya faɗi. Na yi masa nasiha har bakina ya gaji. Kada ka yi gudu. Ka duba motarka. Zai saurare ni da ladabi, kansa a ƙasa, ya ce to, ni kuwa na san wannan to ɗin ba ya ƙetare ƙofar gida.

Amma bari Baba Kunne ya yi tari. In yaron nan ya dawo daga tafiya, rumfar faci yake fara sauka, ni sai ragowar labari nake samu, wanda ya riga ya huce. Bara ya kawo wa tsohon rigar sanyi mai kauri, wai yana sammako. Ni da nake fita shago da sanyin safiya, gaisuwa ya kawo min. Muna zaune ana cin abinci sai ya ce, "Baba ya ce tayar da ta yi zafi ba a watsa mata ruwa."

Uwarsa ta dube ni ta gefen ido. "Wane Baban? Na gida ko na tasha?"

Ƙannensa suka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta yaƙe ce.

Duk da haka, abin da mutane suka gani da idonsu ba zan iya ɓoye shi ba. Akwai lokacin da wasu bawul suka cika kasuwa, masu sheƙi, masu araha, ba wanda ya san inda aka ƙera su. In an ɗaura su lafiya lau, sai sun sha zafin hanya gindinsu ya tsage, iska ta riƙa silalewa a hankali. Tayoyin bayan tirela kuwa bibbiyu suke, ɗaya a waje, ɗaya a ciki. In ta cikin ta rasa iska ba mai gani, ta waje ce za ta ɗauki nauyin duka, ta yi ta zafi har ta fashe.

Wani direba da ake kira Dogo shi ya ba ni labarin kansa. Ya ce Baba Kunne ya kara kunne a tayarsa ta ciki, ya ce masa bawul ɗin nan na numfashi, ya tsaya a canza. Dogo ya ce sai ya dawo. Tsohon ya roƙe shi, har ya bi motar yana buga ƙofa, Dogo ya ɗaga masa hannu ya wuce. A kan gangare tayar waje ta tashi, motar ta kwanta da kayanta. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau Dogo yana jan ƙafa, kuma bai sake hawa babbar mota ba.

"Tun daga ranar," in ji Dogo, "tsohon ya daina roƙon kowa."

Abin da ya koma yi shi ne wannan. Yana da ɗan makulli, bai kai tsawon yatsa ba, wanda ake kwance ƙwayar da ke cikin bawul da shi. In ya ji abin da bai gamsu da shi ba, zai faɗa wa direba. In direba ya ce sai ya dawo, ba musu, ba ɗaga murya. Zai zura makullin ya murɗa, iskar ta fice da ƙara, tayar ta kwanta. Sai ka tafi mu gani. An zage shi, an ci kwalarsa, wani mai mota ya taɓa rantsuwa sai ya sa an tashe shi daga tashar. Rumfar tana nan inda take.

Ɗana ma bai tsira ba. Mai shayin da ke maƙwabtaka da rumfar ya ba ni labarin, yana yi yana dariya. Ranar an yi wa yaron lodin siminti, ubangidansa na ta kiran waya. Da safen nan ni kaina na ce masa ya duba tayoyinsa, ya ce min, "Baba, kai dai bar mu da ƙarfe, ka ji da katako." Yana isa tasha tsohon ya durƙusa, ya shafa kumfa, ya ga tana fitar da ƙananan ƙwai a gindin bawul ɗin ciki.

"Ɗan nan, wannan ba zai kai ka ba."

"Haba Baba, jiya aka sa shi. Sabo ne fil."

"Sabon ne ma abin tsoro."

"Don Allah ka bari in dawo. Mai gida zai cinye ni ɗanye."

"To ya cinye ka. Gara shi da gangare."

Sai kawai aka ji fuuu. Mai shayi ya ce ɗana ya yi tsalle, ya cire hula ya buga da ƙasa, ya ce, "Wallahi tsohon nan kai mugu ne!" Baba Kunne ko kallonsa bai yi ba, ya ce masa ya miƙo jak a ɗaga motar. Da aka fito da tayar, ya taɓa bawul ɗin da yatsa, sai ya ɓalle ya faɗo a tafin hannunsa. Ɗana ya tsaya yana kallon abin. Sannan ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya sayo wa tsohon shayi.

Na gode wa Allah da na ji. Amma a ƙasan godiyar akwai wani abu mai ɗaci. Abin da na yi shekaru ina nema da baki, wani ya same shi da ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba.

Da na ji zai ajiye aiki, sai na rufe shago na je. Na tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya yana matsa gwiwa. Muka gaisa, ya gane ni nan take, wai goshinmu ɗaya da yaron. Na yi niyyar godiya, amma abin da ya fito daga bakina daban ne.

"Malam, me kake ba shi ne? Ni na haife shi, amma maganarka kawai yake ji."

Ya yi dariya har da tari. "Maganata? Wa ya faɗa maka? Ɗanka ba ya jin maganar kowa. Kunnen ƙashi ne da shi kamar sauran. Bambancinmu da kai, ni ina da hanyar kwantar masa da taya, kai ba ka da ita."

Ban san ina ɗauke da dutse a ƙirji ba sai da na ji ya ɗan motsa. Ban ce ya sauka ba. Har yanzu rigar sanyin nan tana min ciwo, kuma ita ce a jikinsa ranar.

Baba Kunne, kai ne ka yarda a tsane ka da safe don a kai yamma da rai. Kai ne ka durƙusa a cikin baƙin mai da laka gaban motocin da ba naka ba, saboda 'ya'yan da ba kai ka haifa ba. Mata da yawa suna shimfiɗa wa mazansu tabarma yau, ba su san sunanka ba, ba su san da hannunka a ciki ba. Ni na sani. Ka karɓe min wani yanki na ɗana, ban kuma yafe maka duka ba, amma ka riƙa dawo min da sauran gida yana tafiya da ƙafafunsa. Na gode. Allah ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya sa ka huta cikin mutunci.

Yanzu tsorona ya koma wani wuri. Wata mai zuwa yaron nan zai shiga tasha da lodi a bayansa da gaggawa a kansa, kuma tsohon ba ya rumfar.

Saboda haka ina roƙon ku, masu facin da za ku gaji wurin, da na kowace tasha. Koyon ɗaura bawul ba wuya, kowa zai iya. Ku koyi ɗayan aikin. In kun ga kumfa na motsi, direba ya ce muku sai ya dawo, kada ku tsaya jayayya, ku saki iskar. In kuma wani dogon yaro mai faɗin goshi ne, mai saurin fushi, ku saki tasa tun kafin ya gama magana. Zai zage ku, na sani. Ku aiko shagon kafinta a kira ni, ni zan zo in ba ku haƙuri. In ya ga dama ya kira ku Baba, ku amsa. Zan daure.