Yaya Sabi'u da Duwatsun Sarajevo

Shekara talatin da biyu ke nan da aka harbe yayana Sabi'u a Sarajevo, babban birnin Bosniya, yana tsaye a layin ɗiban ruwa da jarka a hannu. Har yau ban san sunan wanda ya harbe shi ba, kuma har yau ban yafe masa ba.

Daga ƙauyenmu na gefen kogin Watari gwamnati ta tura shi karatun noman rani, lokacin Bosniya tana cikin Yugoslabiya. A wasiƙunsa ya ce garin a kwari yake, kogi ya ratsa tsakiyarsa, duwatsu sun kewaye shi. Turkawa ne suka gina shi, shi ya sa ladan ke kiran salla cocin da ke kusa tana kaɗa ƙararrawa. Ya auri wata Musulmar can, Amra, suka haifi 'ya. Inna ta ce ya dawo gida, ya ce sai yarinyar ta yi ƙwari.

Da Yugoslabiya ta wargaje, sojojin Sabiyawa suka hau duwatsun nan, suka yi wa garin ƙawanya kusan shekara huɗu. Daga can sama wani ya auna Yaya da rana tsaka. A filin ƙwallo aka binne shi, don maƙabartu sun cika. Ni na karanta wa Inna wasiƙar Amra a gindin rumbu. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya harbe shi," kuma ta riƙa maimaita wannan bayan kowace salla har ta rasu.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? An raba ƙasar gida biyu, shugabanni uku ke karɓa-karɓa. Masu yawon buɗe ido suna hawa duwatsun suna ɗaukar hoto. Wataƙila maharbin yana nan da ransa, ya tsufa, jikoki na hawa cinyarsa.

Abin da ya rage mana na Yaya shi ne 'yarsa Lejla, likita ce yanzu, muryarta sak tasa. Da sallar bara ta kira ni, ta ce, "Baffa, ni fa na yafe." Na ce mata wannan haƙƙinta ne, Allah ya yi mata albarka. Amma kasona da na Inna suna hannuna, kuma ni da mutumin nan sai mun tsaya gaban Allah.